Wa ke yaye kwanon ɗaki in hadari ya taso?

Duk farkon damina sai bidiyon yayewar kwanon ɗaki ya cika WhatsApp. Hadari ya haɗo daga gabas, kafin ka ce kwabo kwanon ɗaki ya yi sama kamar faifai. Sai ka ji ana cewa iska ta fizge shi. To ku rage wa irin wannan bidiyon gudu ku dube shi da kyau. Sama kwanon ya fara yi, ba gefe ba. Wa ya ɗaga shi?

Iskar da ke cikin ɗakin ce, wallahi.

Iskar nan da muke shaƙa tana da nauyi, tana danna kowace murabba'in mita da kusan tan 10, ba ma ji ne saboda ta ko'ina take dannawa, ta sama da ta ƙasa, sai abin ya tashi canjaras. Amma in iska ta taho a guje ta hau kan rufi ta lanƙwasa, gudunta na ƙaruwa, dannawarta kuma na raguwa. Daniel Bernoulli, masanin lissafi mutumin Suwizalan, ya rubuta wannan tun 1738.

Nan ne ake ruɗewa, don haka ku natsu. Ta saman ba jan kwanon take ba, iska ba ta da hannun ja. Sassauta dannawa kawai ta yi, ita kuwa ta cikin ɗaki tana nan da ƙarfinta tana turowa daga ƙasa. Ko kashi 1 cikin 100 ta saman ta rage, kilo kusan 100 ke nan a kowace murabba'in mita, ɗaki mai mita 4 sau 4 kilo 1,600. Yanzu ku dubi ɗan bulon nan da tsohuwar tayar da maigida ya ɗora a kai, haba Alhaji! In kuma aka bar tagar da iska ke bugawa a buɗe, an ƙara wa ta ciki ƙarfi ne, gara a rufe ta.

Ƙananan jiragen nan na kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke shawagi kan Palladan a Zariya, abin da ke riƙe su ke nan. Fiffike yana karkata iska ƙasa, dannawar samansa ta ragu, ta ƙasansa ta tallafe shi. In kun hau mota zuwa Samaru ku ɗan fito da tafin hannu ta taga ku karkata shi, za ku ji yana ɗagawa. Kaɗan fa, kar wani ɗan acaba ya wuce da shi.