Albashin Matuƙan Ƙananan Jirage a Amurka da Ladabin Magana ta Rediyo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa Amurka ne, inda taƙaddamar albashi tsakanin matuƙan jiragen gajeren zango da kamfanoninsu ta daɗe tana ci, har wani lokaci ɓacin ran yakan fito ta rediyon da aka tanada don kare rayukan fasinjoji.

A can, mutum zai sayi tikitin Delta ko United ko American, ya hau jirgi mai ɗauke da fenti da tambarin kamfanin, alhali matuƙan da ke gaba ma'aikatan wani ƙaramin kamfani ne na 'yan kwangila, irin su SkyWest ko Republic. Manyan kamfanonin sukan ba da aikin ga wanda ya fi sauƙin farashi, shi kuma ɗan kwangila ba shi da wurin da zai rage kashe kuɗi kamar albashin ma'aikata. Ana biyan matuƙi ne bisa sa'o'in tafiya, daga lokacin da jirgi ya motsa zuwa lokacin da ya tsaya, don haka zagayen duba tayoyi da fukafukai a cikin sanyi, da zaman jira a filin jirgi, yawanci ba sa shiga lissafi, ga shi kuma doka ta hana shi tuƙi fiye da sa'o'i 1,000 a shekara.

Jama'ar Amurka ba su san zurfin matsalar ba sai ranar 12 ga Fabrairu, 2009, lokacin da jirgin kamfanin Colgan Air, ɗaya daga cikin waɗannan 'yan kwangila, ya faɗi a kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna cewa mataimakiyar matuƙin tana samun kimanin dala 16,000 ne a shekara, kuma daga Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya kafin ta kama aiki a Newark. Binciken ya kuma gano cewa matuƙan biyu sun karya ƙa'idar da aka kafa tun 1981, wadda ta hana hirar da ba ta shafi aiki ba idan jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000. Bayan wannan hatsari ne majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2010, wadda ta kai ga ɗaga sharaɗin zama mataimakin matuƙi daga sa'o'i 250 na tuƙi zuwa 1,500.

Yajin aiki kuwa ba abu ne mai sauƙi ga matuƙan Amurka ba, domin dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936, ba ta yarda a ajiye aiki ba sai hukumar sasantawa ta tarayya ta sallami ɓangarorin, an kuma jira kwanaki 30. Matuƙan Comair, wani ƙaramin kamfani mallakar Delta, sun bi duk wannan hanya, suka yi yajin kwanaki 89 a 2001, amma a 2012 Delta ta rufe kamfanin, kuma duk wanda ya koma wani kamfani, komai furfurarsa, daga ƙasan layin girma da albashi yake farawa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ƙiyayyar da kan ɓulla tsakanin matuƙa ba, musamman ga waɗanda ake ganin sun karɓi aiki a kan albashin da ke karya farashin 'yan'uwansu.

Sai dai rediyon jirgi ba dandalin huce haushi ba ne. Mutum ɗaya ne kaɗai ke iya magana a zangon rediyo ɗaya a lokaci guda, kuma idan biyu suka danna maɓalli tare, ƙara ce kawai za ta fito. Abin da ya faru ke nan a tsibirin Tenerife a 1977, inda saƙo biyu suka haɗu, matuƙan jirgin KLM ba su ji gargaɗin da zai tsayar da su ba, jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka hallaka.

Akwai kuma zangon 121.5, wanda duniya ta keɓe don kiran gaggawa, kuma ana buƙatar jirage a Amurka su riƙa sauraronsa gwargwadon hali. A nan ne ake jin abin kunya: babban mutum mai ɗauke da rayukan jama'a ya danna maɓalli ya yi kukan kyanwa, wani ya mayar masa, na uku ya tsawata musu, na huɗu ya jefa habaici cewa ai yaran ƙananan jirage ne. A tsakiyar wannan hayaniya, mai kula da zirga-zirgar jirage yana iya neman jirgin da ya ɓace masa, ko ɗalibin tuƙi da mai ya kusa ƙare masa yana neman taimako.

A ganinmu, kukan matuƙan game da albashi gaskiya ne, amma ba za a jingina rashin ladabi da talauci ba. A 2022, da ƙarancin matuƙa ya yi tsanani, ƙananan kamfanonin da American ta mallaka, irin su Envoy da Piedmont, sun ɗaga kuɗin sabon mataimakin matuƙi zuwa dala 90 a sa'a, sauran kamfanoni suka bi sahu, amma kukan kyanwar bai daina ba. Abin da ke ba shi kariya shi ne, wannan nau'in rediyo ba ya nuna wanda ya yi magana, don haka wanda ya fi kowa ikon tsayar da shi shi ne kyaftin ɗin da ke zaune kusa da mai danna maɓallin.