Lacca: Tagogi Goma a Allo Ɗaya

Assalamu alaikum. Abu uku zan taɓa: sauyawa tsakanin tagogin kwamfuta, rabon fili, sai gefen allo. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Na farko, Alt da Tab. Kowa a nan yana danna shi, amma mutum nawa suka lura da yadda yake jera tagogin? Yana jera su ne bisa wadda ka taɓa kwanan nan. Wadda ka baro yanzu ita ce ta biyu. In tagoginka biyu ne, Word da burauza, wannan tsari ya yi daidai: dannawa ɗaya ka tafi, dannawa ɗaya ka dawo, ko kallo ba ka yi. Amma buɗe guda bakwai ka gani. Kowace sauyawa sai jerin ya hargitse. Excel ɗin da yake na uku ɗazu yanzu ya koma na biyar. Dole ka tsaya ka karanta ƙananan hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan tsayawar lokaci ke zurarewa, hankali ya bar aikin ya koma neman taga.

Hannu yana haddace wuri, amma sai wurin ya tsaya. Ku riƙe wannan, zan maimaita: sai wurin ya tsaya. Shi ya sa maɓallin Windows haɗe da lamba ya fi. Ka liƙa manhajojinka a sandar ƙasa, Windows da 1 burauza, Windows da 2 Word, yau da gobe ba ya canzawa. Tun Windows 7 a 2009 abin yake, amma ku ɗaga hannu masu amfani da shi. Uku! Cikin ɗakin nan duka, uku. Mac kuwa wata hanya ya bi: Command da Tab manhaja yake sauyawa, ba taga ba. Takardu biyu a manhaja ɗaya? Sai ka haɗa Command da maɓallin da ke saman Tab. GNOME, wanda ake amfani da shi a Linux, ma haka ya yi. Wanda ya saba da Windows sai ya ɗauka taga ta ɓace, alhali tana nan, mai zanen ne ya cusa ta ƙarƙashin 'yar'uwarta. A ganina mai zane ya zaɓi ɗaya, sauya taga ko sauya manhaja, ya nuna shi ƙarara, kar mai amfani ya yi ta canki-canka.

Na biyu, da sauri. Allo mai faɗi tsayi ne yake ƙaranci. A allo mai faɗin fiksel 1366 da tsayin 768, sandar Windows 11 ta ci fiksel 48, burauza ta ci nata, Word ya ci nasa da wannan ƙaton zanin maɓallai na sama. Ctrl da F1 yana naɗe shi, F11 yana ba burauza allon duka. Windows da kibiyar hagu ko dama yana raba allo biyu, Windows da Z a Windows 11 yana nuna sauran rabe-rabe.

Na huɗu... na uku ne? To, na uku. Paul Fitts, masanin halayyar ɗan Adam, a 1954 ya nuna cewa abu mai nisa kuma ƙarami ya fi cin lokaci kafin hannu ya kai gare shi. Gefen allo bango ne, linzami ba ya wuce shi, kusurwa kuwa bango biyu ne, don haka maɓallin da ke manne da su ba ya wuyar samu. A Windows 95 maɓallin Start bai manne da kusurwar ba, akwai ɗan rata, sai ka jefa linzami ka danna banza. Windows XP ya gyara.

Malam, na ga hannunka. Ya ce kwamfutarsa ta hannu 1366 ce, ya raba allo biyu ko kuwa? Malam, rabin 1366 shi ne 683. Shafuka da yawa a wannan faɗin suna komawa siffar waya, Excel kuma ginshiƙai kaɗan za ka gani. Raba biyu sai in kwafa kake daga nan zuwa can. In ba haka ba, buɗe kowace taga ta cika allo, ka yi tebur na biyu, wato wani sabon filin aiki a allon, da Ctrl, Windows da D, ka riƙa tsallakawa da Ctrl, Windows da kibiya. Aikin ofis a ɗaya, hira a ɗaya. Sai dai ka sani, ta asali Alt da Tab tagogin teburin da kake kai kawai yake nunawa, in kana so ya haɗa duka sai ka canza a saitin Multitasking.