Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu a Cocin Holy Rude, Stirling

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. A madadin majalisar dattawan wannan coci muna yi maka barka da zuwa. Kowa ya san irin hidimar da kake yi wa kayan tarihin Sikotland, don haka ba za mu ɓoye maka ba: rufinmu ne ya sa muka matsa ka zo.

Ɗaga kai ka duba, ranka ya daɗe. Azarorin nan na itacen oak tun ƙarni na 15 suke, bayan gobarar 1405 ta cinye cocin farko da aka kafa a 1129, zamanin Sarki David na Ɗaya. Turakun katako ne ke riƙe da su. Ruwa ne babban abokin gabarsu. Idan indararo ya toshe da ganye, ko darmar da ke bakin rufi ta tsage, ruwa yakan bi kan bango ya jiƙa gindin azara, wurin da ido ba ya gani. Can ruɓewa ke farawa, kuma kafin tabo ya fito a ciki aikin ya riga ya yi nisa.

A nan aka naɗa James na Shida sarautar Sikotland ran 29 ga Yuli, 1567, yana ɗan wata goma sha uku, John Knox, jagoran Furotesta na Sikotland, ya yi wa'azi. Hasumiyarmu har yau tana ɗauke da tabon harsasai na yaƙin 1651, lokacin da aka yi wa fadar Stirling ƙawanya. A 1656 rikicin malamai ya sa aka gina bango a tsakiyar coci, aka raba jama'a biyu, ba a rushe shi ba sai 1936. Duk da haka baƙi kan wuce ƙofarmu su haura fadar da ke kan tudu, wadda gwamnati ke kula da ita. Mu kuwa baikon masu ibada da ɗan abin da maziyarta suka saka ne jarinmu.

Roƙonmu na farko shi ne kuɗin kafa matakala a binciki kan bango da gindin kowace azara, a sauya darmar da ta gaji da fale-falen dutsen rufi da suka zame. Na biyu, a cike tsakanin duwatsu da kwaɓin farar ƙasa. Siminti ba ya yi: dutsen yashi yana shan ruwa, siminti ya hana shi fita, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutse ta ɓare. Kwaɓin farar ƙasa kuma ba a yin sa lokacin ƙanƙara, saboda haka muna so a amince kafin bazara ta shigo. Magina da suka iya shi kaɗan ne, sai an kama su da wuri.

In abu ɗaya kawai za a iya yi bana, ranka ya daɗe, to a fara da rufin.

Majalisar Dattawan Coci