Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyarar Duba Aikin Ledar Sitaci a Kaduna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan kasuwa da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mun gode da ka tako da ƙafarka duk da yawan hidimomin da ke gabanka.

Duk wanda ya bi ta Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi bayan an ɗauke ruwan sama ya ga yadda baƙar leda ke toshe kwata, abin da ya tsallake kuma ya gangara Kogin Kaduna. Mahauta ma sun san ta, domin suna ciro ta a tumbin shanu. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu nan muna ganin kafin a ce wa mai kuli-kuli ta daina, sai an miƙa mata abin da za ta ƙulla kayanta a ciki.

Wannan fallen ledar da ke gabanka, ranka ya daɗe, shi ne madadin da muke gwadawa, kuma da sitacin rogo aka yi shi. Ana dama giram 4 na sitaci a ruwa mililita 100, a zuba gilisirin, wani ruwa mai kauri da ke sa fallen laushi, kamar giram 1, wato kashi 25 cikin ɗari na nauyin sitacin. Sai a ɗora a wuta ana juyawa ba tsayawa har zafi ya kai digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Celsius, farin ruwan ya koma garai-garai mai yauƙi kamar kokon da ya nuna. A bar shi ya huce kaɗan kumfa ta fita, a zuba a faranti mai shimfiɗaɗɗen gindi, a busar a digiri 40 zuwa 50 kamar kwana ɗaya, sannan a ɓamɓaro. Kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na masara ya fi tauri saboda irin sitacinsa, na rogo ya fi haske da laushi.

Gilisirin shi ne sirrin aikin, kuma a nan ake yawan kuskure. In ya yi kaɗan, fallen ya karye kamar busasshen ganye. In ya yi yawa, ya yi danƙo, fallaye su manne da juna ba su rabuwa. Dole kuma ya zama irin wanda aka tace don abinci, ba ɗanyen da ke fitowa daga masana'anta da sauran dauɗarsa ba. Kumfar da ba ta fita ba takan bar 'yan ramuka, daga nan yagewa ke farawa. Farantin da ya karkace ko kaɗan ne, gefe ɗaya zai yi kauri, ɗayan ya fito sirit.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu iska na tsotse damshin fallen har ya tsattsage. A watan Agusta kuwa sitaci ya sha raɓa, ya saki jiki, wani lokaci har ya yi fumfuna. Ko an adana shi da kyau, bayan makonni sitacin na sake haɗe jikinsa ya ƙara tauri.

Saboda haka ba za mu yi maka rufa-rufa ba: wannan leda ba ta riƙe ruwa. Kunu, zoɓo, fura da alala ba nata ba ne. Inda take da amfani shi ne busassun kaya: kilishi, yaji, soyayyiyar gyaɗa, dabino, garin citta irin ta Kachia. Muddin tana bushe, tana tare iska da maiƙo sosai. Ɗan kakin zuma ko sinadarin tsamin lemo yana rage mata shan ruwa, amma ba ya kawar da shi. In aka binne ta a ƙasa mai damshi, cikin makonni take ruɓewa.

Ƙoƙon bararmu guda biyu ne. Zubi a faranti aikin gwaji ne, ba zai ciyar da kasuwa ba. Ana buƙatar injin da ke narka sitaci ya fitar da shi doguwar shimfiɗa, da wutar lantarki tsayayya, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙullun daskarewa yake a cikin injin. Na biyu, a taimaka da kuɗin gwaje-gwajen da NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ke nema kafin a yarda abu ya taɓa abincin jama'a.

Ranka ya daɗe, tukunya na kan wuta a ɗaki na gaba. Bismillah, a taso a gani.