Daga wane gari kakanmu ya taso? Yadda muke zaman bin salsala a Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wannan takardar da kuke gani a hannuna, wadda bakinta ya cinye har an manne ta da salatif, gasimar auren kakana ce, wato takardar da ma'azun ke rubutawa in an ɗaura aure. A akwatin ƙarfen habbobarmu, wato kakarmu mace, muka same ta bayan rasuwarta, can ƙasan tsofaffin zannuwa, har yanzu ƙanshin turaren wuta bai bar jikinta ba. Abin da ya fara tsayar da ni shine sunan da ke jiki ba shi ne sunan da duk hillarmu, wato unguwarmu, ta san shi da shi ba. Daga nan na fara tambaya, kuma tambayar ce ta kai mu ga zaman da muke yi yanzu nan Gadarif sau ɗaya a wata.

Duk Bahaushen Sudan ya san wannan, yaro ya dawo daga makaranta wani ya ce masa Fallati ko Takruni, sunayen da ake kiran mutanen Afirka ta Yamma da su a nan, ya zo ya ce baba wai mu daga ina muke, kai kuma ka ce masa daga yamma, kakanninmu hajji suka fito. Gaskiya ne amma yamma faɗi gare ta. Kano yamma ce, Gobir yamma ce, Damagaram ma yamma ce. Wane gari, wace unguwa, wa ya taso, da wa ya taso, me ya tsayar da shi a nan, su ne muke nema.

Zaman ba wani abu ne mai wuya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a shimfiɗa tabarma a ɗora jabana, tukunyar gahawa. Kowane zama gida ɗaya ake ɗauka, ba a haɗa biyu, in ka haɗa sai hayaniya. Mutum ɗaya ne ke tambaya, ɗaya na rubutu a littafi, wani yaro kuma ya riƙe waya yana ɗaukar murya bayan an nemi izinin mai magana. Kuma da kanka ake farawa, sunanka, na babanka, na kakanka, a tafi baya a hankali har inda sani ya tsaya. Kuma duk maganar da aka rubuta sai an sa wa ya faɗe ta, shi kuma a bakin wa ya ji. In baffa ya ce daga Katsina ne goggo ta ce a'a Maraɗi ne, duka biyun ake rubutawa, ba a goge ko ɗaya, ba a kuma ƙaryata babba a gaban mutane.

Kar ku bar mata a baya, don Allah. Mu da farko maza kaɗai muke zama, wata uku muna juya sunaye huɗu-huɗu ɗin nan na takarda, naka da na uba da kaka da uban kaka, sai da ƙanwata ta shiga cikin gida da waya ta zauna gefen gadon angareb ɗin goggonmu tana taya ta ɓarar gyaɗa, a zama ɗaya ta fito da sunayen mata bakwai da garuruwan da aka auro su, da wadda ta rasu a hanya aka binne ta kusa da Abeche. Namiji yana riƙe sunan uba da kaka, amma wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wannan a wajen tsofaffin mata yake. Kuma ba a ce wa tsohuwa Goggo wace shekara kuka zo, ba za ta baka lamba ba. Ce mata za ka yi, Goggo lokacin da Inna ta haife ki kuna ina, me ake nomawa, wa ke sarautar hillar.

To don ka gane amsar da za ta baka dole ka san hanyar da mutanenmu suka biyo. Tun kafin Turawa alhazai na ratsa ƙasar nan a ƙafa da jakuna, daga Borno su bi Wadai su shigo Darfur su wuce Kordofan har bakin Bahar Maliya, a Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ɗinki ko koyar da allo a tara a ƙara gaba, wasu a tsayawar nan aka yi aure aka haihu shikenan zama ya kama.

Sai kuma 1903. A watan Fabrairu Turawan Ingila suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira ya nufi gabas jama'a suka bi shi, manoma da malamai da sarakuna, har aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli 1903 inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya ci gaba da ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kuma garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar sunansa ya ci. Bayan nan wata ƙofar ta buɗe, aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 noman audugar Jazira ya kankama, ana neman hannu ko ta ina, mutanenmu suka cika kambo-kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadago, suna tsinkar auduga, wasu suka samu hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a Jazira, wasu suka gangaro nan Gadarif wajen dawa da riɗi, wasu Kassala, wasu Bur Sudan.

Kun ga waɗannan shekarun su ne ma'auninmu. In tsoho ya ce babansa ya yi aikin ginin dam ɗin Sinnar, ka san kafin 1925 yana nan. In ya ce a Ubayyid suka fara ganin jirgin ƙasa suka hau, to ba kafin 1912 ba ne don lokacin ne dogo ya kai can. In an ce yunwar Kakalaba ce ta taso su daga gida, wannan 1913 zuwa 1914 kenan. Mu a gidanmu goggo ce ta ce kakana a goye aka shigo da shi Fashir, kuma ba a daɗe da kashe Sultan Ali Dinar na Darfur ba mutane na ta zancen. Ali Dinar a ƙarshen 1916 aka kashe shi. Da wannan magana guda ɗaya muka gane shekarun kakana fiye da yadda takardarsa ta nuna.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan takardu, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Na farko, ranar haihuwa. Ɗauko jinsiyar tsoho, wato takardarsa ta zama ɗan ƙasa, sau da yawa za ka ga 1 ga Janairu. Ba ranar aka haife shi ba, tasnin ne, likita ya dube shi ya ƙiyasta shekaru aka rubuta, yana iya kaucewa da shekara biyar ko fiye. Na biyu, suna. Wanda a gida ake kira Garba a takarda zai koma Abubakar ko Babikir, Audu ya koma Abdallah, Mamman ya koma Muhammad, Shehu ya koma Usman, Iro ya koma Ibrahim. Sunaye irin su Tanko da Ɗanladi da Bawa kuwa sau da yawa ba sa shiga takarda sam, alhali can gida da su aka san mutum. In ka aika Najeriya ko Nijar kana cigiyar Babikir ba wanda zai gane, amma ka ce Garba maƙeri wanda ya tafi gabas da matarsa da ƙaninsa bai dawo ba, sai ka ji wata tsohuwa ta ce ai ana ba mu labarinsa. Shi ya sa a littafinmu kowa layi biyu gare shi, sunan takarda da sunan gida, har da laƙabi in akwai.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ina so matasa su fahimce shi kafin su ga laifin kowa. Dokar jinsiya ta 1957 ta ce kafin a ɗauke ka ɗan ƙasa ta haihuwa sai in kai ko kakanninka ta wajen uba kuna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. To ku lissafa, duk wanda ya zo bayan Burmi, duk wanda ya zo aikin Jazira, wannan layin ya bar shi a waje ko da a nan aka haifi 'ya'yansa da jikokinsa. Daga baya an sassauta aka matso da shekarar, amma tsoron ya riga ya shiga gidaje. Akwai dattawan da suka daina ambaton garinsu a gaban yara, akwai waɗanda suka ja shekarar zuwansu baya, akwai wanda ya ƙona fasfon hajjin babansa da hannunsa don kar a gani. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, gona da makarantar yara suke karewa. Amma kai mai bincike ka sani, in takarda ta ce abu kaza tsohuwa ta ce kaza, ba kullum takarda ce mai gaskiya ba. Kuma in dattijo ya ce kashe wayar nan, ka kashe, ka saurara da kunnenka kawai.

In takarda ta gaza akwai shaidun da ba a rubuta ba. Saurari bakin tsofaffinku. Wanda ke cewa shina zuwa, mi kake so, ɗiyata, biyat, halshe, kassuwa, wannan Hausar yamma ce, wajen Sakkwato da Gobir da Kabi da Adar. Wanda ke cewa yana zuwa, 'yata, biyar, harshe, ka duba wajen Kano da maƙwabtanta. Duk da Larabci ya shiga bakinmu sosai, a ƙirga da zagi da waƙar daka da rarrashin jariri tsohon harshen na fitowa. Sannan tsagar fuska in akwai tsohon hoto, ta Gobirawa mai tasowa daga gefen baki ta bazu zuwa kunne ba ta ɓuya. Sannan wasa. Tambayi da wa kakanku yake wasan taubasai, Kanawa da Zage-zagi suke yi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Haɗejiyawa. Kakana duk Bakatsinen da ya shigo hilla sai ya tsokane shi, babansa kuma kullum zancensa kogi da fadama da kamun kifi, kuma goggo ta riƙe cewa baban nasa ya taso ne bayan Turawa sun kashe sarkinsu a cikin gari. Haɗejiya ce aka yi wannan a 1906, Sarki Muhammadu. Abu uku suka haɗu a wuri ɗaya, to nan muka sa ido.

In gidanku akwai tsohon Alƙur'ani na hannu a gafaka, a buɗe shi da alwala a duba warƙar ƙarshe da gefe-gefe. Marubuta kan sa sunansu da na mahaifinsu, wani lokaci har gari, wasu kuma a nan suke rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Rubutun ma shaida ne, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na allon gida.

Wani abu da nake faɗa a kowane zama ko da ba a so. Kusan kowa so yake a ce kakansa a tawagar Attahiru ya zo, ko jinin Shehu Usmanu ne. Wasu haka ne kuma suna da silsilarsu a rubuce. Amma mafi yawanmu jikokin manoma ne da marina da wanzamai da mahauta da almajirai, wasu ma a cikin bauta aka taho da su, kuma mutumin da ya tako daga Haɗejiya zuwa Gadarif da ƙafarsa da niyyar ganin Ka'aba ba ya buƙatar a liƙa masa sarautar da ba tasa ba. In ka ƙara suna ɗaya na ƙarya a tsakiya, jikanka zai ɓata shekaru yana neman dangi a gidan da ba nasa ba.

Gwajin DNA da ake tallarsa, ba zai faɗa maka unguwa ba, kar ka fara da shi.

Wuraren ajiyar takardu kuwa, Darul Wasa'iƙ na Khartum shi ne babba a nan, amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 zuwa can ya zama wani abu daban. Jami'ar Durham a Ingila na da tarin takardun zamanin Turawa na Sudan, a Kaduna akwai gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Kar ka sa ran ganin sunan kakanka kai tsaye in ba mai sarauta ko babban malami ba ne, abin da za ka samu labarin garin ne da shekarar da mutane suka watse, wa ke hakimci, wace hanya ayari ke bi. Shi ma yana da amfani sosai.

Yaƙin nan ne ma ya sa muka daina jinkiri. Da Madani, babban garin Jazira, ta faɗi a Disamba 2023 'yan uwa suka iso mana da kayan jikinsu kawai, wata innarmu kuka take ba don gida ba, don akwatin takardun mijinta da hotuna da ta bari. A cikin shekara ɗaya muka rasa tsofaffi uku da muka ce sai an natsu za mu zauna da su. Don haka yau ɗin nan ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a cikin haske, gasima, jinsiya, takardar hawasha, katin aiki, wasiƙa, ka tura wa mutum uku a garuruwa daban-daban, muryar ma haka, kar ka bar ta a waya ɗaya.

Mu yanzu mun tura saƙon murya ta WhatsApp ta hannun wani ɗalibi da ya yi karatu a nan ya koma Jigawa, da sunan gida na uban kakana da sana'arsa da sunan ƙaninsa da suka taso tare, ya ce zai kai wa masu unguwanni a Haɗejiya su saurara. Zama mai zuwa gidan maƙwabtanmu Zabarmawa za mu ɗauka, duk mai zuwa ya taho da littafi da biro, kuma wanda ke da tsohuwa a gida da ba ta iya fitowa ya faɗa mana tun yanzu, mu za mu je wajenta da safe kafin rana ta yi zafi.