Jaririn da ya daina kuka

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abu uku na zo da su: duka da cin zarafi, sai sakaci, sai tabon da suke bari bayan yaro ya girma. Bari in fara da na biyu, don shi aka fi rainawa.

Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a Romaniya a 1989, 'yan jarida suka shiga gidajen marayu. Ɗaki cike da jarirai, gado kusa da gado, amma tsit kake ji. Tsit! Sun yi kukan har sun gaji, ba wanda ya zo, sai suka daina. Ba mai ɗaukarsu, ba mai kallon idonsu, ba mai yi musu magana.

Akwai wani gwaji na Edward Tronick, masanin halayyar yara, a shekarun 1970, ina son gwajin nan ƙwarai. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska, kada ta amsa masa. Yaron ya yi murmushi, shiru. Ya miƙa hannu, ya yi ƙara, ya banƙare, ƙarshe ya kau da kai ya fashe da kuka. 'Yan mintuna kawai fa! Masu danna waya a can, ina ganinku. (dariya) To ina ga yaron da kullum haka rayuwarsa take?

Na nawa nake ma? Na uku ko? Tsakanin 1995 da 1997, a San Diego ta Amurka, an tambayi manya sama da 17,000 yadda yarintarsu ta kasance. Kusan biyu cikin uku sun taɓa fuskantar ko da nau'i ɗaya na wahalar yarinta, kamar cin zarafi, sakaci ko matsalolin cikin gida. Gwargwadon yawanta, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, shaye-shaye da ciwon damuwa. Jikin da ya saba da fargaba yakan yi ta sakin kotisol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ko babu haɗari.

Na'am, Hajiya?

"Malam, wanda abin ya riga ya same shi fa, yana warkewa?"

Yawwa. A Bukarest, babban birnin Romaniya, a farkon shekarun 2000, an ɗauki wasu yaran gidajen marayun aka ba iyalai riƙo. Waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 sun fi samun ci gaba a fahimta da shaƙuwa da mai riƙonsu. Babba ma yana samun sauƙi idan ya ga likitan ƙwaƙwalwa, sai dai abin yana ɗaukar lokaci. Ga shi ana nuna mini agogo, maganar duka ko taɓa ta ban yi ba.