Digirin kasuwanci ana kan aiki: ribar ma'aikaci da ta maigidansa

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, ga kujeru nan. Abu uku zan taɓo kan MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, da ake yi ba tare da an ajiye aiki ba, irin wanda ake nema a jami'ar ATBU nan Bauchi, ko a cibiyar NOUN, jami'ar karatu daga gida.

Na farko, albashinka na shiga, kana karatu. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Na biyu, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku: abin da ka koya ranar Asabar, ranar Litinin za ka gwada shi. Ɗauki darasi ɗaya kawai, bambancin riba da kuɗi a hannu. A ce dila a kasuwar Muda Lawal ya sari kayan naira miliyan 5, kamfani ya ba shi kwana 14 ya biya. Shi kuma ya raba wa 'yan sari bashi, sai bayan kwana 60. A littafi ya ci riba, ko ba haka ba? To ranar 15 da me zai biya? Kwana 46 ke nan yana cikin rami. Riba na nan a takarda, aljihu babu ko sisi. Na maimaita, aljihu babu ko sisi! Haka shaguna masu ciniki ke rufewa, a ce sammu aka yi. Ba sammu ba ne Alhaji, lissafi ne. Ɗalibin da bai taɓa aiki ba zai haddace wannan don jarrabawa. Akanta da ya taɓa rasa kuɗin albashin ma'aikata a ƙarshen wata kuwa, yana ji zai gane ciwonsa ne ake faɗa. Zai koma ya jera masu bashi: na kwana 30, na 60, na 90, ya san wa zai fara bi.

Ku kuma masu kamfani, na uku ke nan. Ku sa ma'aikacinku ya rubuta furojet ɗinsa kan matsalar kamfaninku. In za ku biya masa kuɗin makaranta, a rubuta yarjejeniya: shekara nawa zai zauna bayan ya gama, nawa zai mayar in ya tafi. Kuma ku sake shi lokacin jarrabawa, nan ake yawan samun saɓani.

Na'am, Hajiya?

Tana tambaya, mai HND fa? Yawanci sai kin fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri, kamar shekara guda, sannan MBA. Za a nemi takardar NYSC ko ta keɓewa daga hidimar ƙasa. Ki nemi tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakon karatunki, tun yanzu, shi ke ɓata wa mutane lokaci. Ki tabbatar jami'ar na cikin jerin da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da su kafin ki biya ko kwabo. Amma in burinki koyarwa a jami'a da PhD ne, M.Sc. za ki nema, don MBA na masu gudanar da aiki ne. Akwai wani hannu can baya, bismillah.